Na biya a tono kututture, an bar ni da hayaƙi

Yau kwana huɗu ke nan gidana yana warin ƙonanniyar taya, kuma wallahi har yanzu zuciyata tafasa take yi.

Dalbejiya ce a tsakar gidanmu, tun kafin in sayi gidan tana nan. Da saiwarta ta fara tsaga katanga tana ɗaga daɓen siminti, ba yadda na iya, na sa aka sare ta. Kututturen ya rage, yara na tuntuɓe da shi. Na kira mai faskare, muka yi tsada a kan zai haƙe kewayensa, ya datse saiwoyin da gatari, ya fitar da shi ɗungurungum. Na ba shi rabin kuɗi na tafi kasuwa.

Da la'asar uwargida ta kira ni tana tari. Ashe bawan Allahn nan sara kaɗan ya yi, ya ji itacen da tauri, sai ya tafi wajen mai faci ya kwaso tsofaffin tayoyi biyu. Ya kifa su a kan kututturen, ya kwarara baƙin mai, ya ƙyasta ashana, ya kama gabansa! A tsakiyar hunturu fa, iska na kaɗawa, ga shanya a igiya, ga yara a gida.

Na buga masa waya na ce, "Malam, haka muka yi da kai?" Sai cewa ya yi, "Alhaji, ai wuta ce maganinsa, kafin safiya ya zama toka."

Wace toka? Itacen da bai fi sati biyu da sarewa ba, ruwa ne fal a cikinsa. Duk macen da ta taɓa hura murhu ta san ɗanyen ice hayaƙi kawai yake yi. Mai son ƙona kututture sai ya bari ya bushe na watanni, ya huda shi, ya jera masa busasshen itace, sannan ya zauna ya tsare wutar har ta mutu. Shi kuwa tayoyin ne suka ci, suka bar tarin wayoyin ƙarfe da baƙin ƙuna a jikin bango. Zafin wutar ya narkar da bututun roba na famfonmu da ya bi ta gefen, yanzu wurin mai garuwa muke sayen ruwa. Washegari ma na dafa ƙasar wurin, da ɗumi na ji ta.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne 'yar autata mai asma. Na ga ƙirjinta na sama da ƙasa, numfashinta na fito, abin shaƙarta ya kasa. Ƙarfe sha ɗayan dare muna asibiti. Tsohuwar da muke katanga ɗaya da ita ta leƙo tana toshe hanci da mayafi, ta ce, "Ɗan nan, kashe mu za ku yi?" Na rasa bakin ba ta haƙuri.

Kututturen kuma yana nan daram, ya yi baƙi ƙirin daga sama, cikinsa ɗanye shar. Dalbejiya ce, ruwan fari na sauka za ta sake toho.

Ɗazu da safe mutumin ya kira ni, wai in cika masa kuɗinsa. Na ce masa ko sisi ba zai gani ba sai ya zo da diga da gatari, kuma kuɗin mai gyaran famfo a cikin nasa zan cire.