Haɗaka ta tsaya a Abuja, majalisun jihohi kuma ko oho

Tun da 'yan adawa suka rungumi jam'iyyar ADC a watan Yulin 2025 zancen ɗaya ne kullum, wa zai tsaya takarar shugaban ƙasa, wa zai janye wa wani, Atiku ne ko Obi. Abin da ke ban haushi har yau ban ji wani jigo cikinsu ya buɗe baki ya ce ga tsarinsu kan majalisun jihohi ba, sai ka ce ba can ake amincewa da kasafin kuɗin da ake gina mana aji da asibiti ba.

Wai a kama sama tukuna, ƙasa za ta biyo. Wannan ai tsohuwar "sak" ce, wato zaɓen jam'iyya ɗaya daga sama har ƙasa, aka sake wa riga. Sak ɗin nan ita ta cika majalisu da mutanen da ko a mazaɓarsu ba kowa ya san su ba, sun raɓu da fostar ɗan takarar gwamna tunda rana ɗaya ake zaɓen, to don me ba za su zama 'yan amshin shata ba? Ku dubi Kano mai kujeru 40. A Mayun 2019 majalisa ta ƙirƙiro sabbin masarautu huɗu cikin 'yan kwanaki, a Mayun 2024 ta rushe su gwamna ya sa hannu a ranar. Ni ba ina cewa ga wanda ya yi daidai ba, abin da idona ya gani shi ne sau biyun duka abin da gidan gwamnati ke so shi aka yi.

Inda kuma gwamna bai da rinjaye, maimakon a zauna a daidaita kan manufa sai a koma kokawa kan sandar majalisa. Bauchi ta yi kakaki biyu a 2019, a shekarar aka rantsar da mutum 9 cikin 24 da daddare a Edo. Ribas kuwa ba a magana, 'yan majalisa 27 suka sanar da komawa APC a Disambar 2023, gwamna ya kai kasafi gaban mutum huɗu, aka yi ta ja har dokar ta-ɓaci a Maris 2025. Sashe na 109 na kundin tsarin mulki ya ce wanda ya sauya sheƙa ba tare da jam'iyyarsa ta dare ba ya rasa kujera, amma wa ke bi ta kansa?

In da gaske ake, a raba ranar zaɓen majalisa da na gwamna, 'yan haɗaka kuma su fito mana da sunayen waɗanda za su tsayar mazaɓa mazaɓa tun yanzu mu tantance su.