Ɗan Boko da Ƙidayar Tsuntsaye a Kwalkwalawa

Sanyin safiyar wata Asabar ce cikin Janairu, hunturu ya kankama, hazo ya rufe fadamar Kwalkwalawa. Ɗan Boko, wani Bakano da karatu ya kawo Sakkwato, ya rataya madubin hangen nesa a wuya, ga littafi mai hotunan tsuntsaye a hammata. Abokan tafiyarsa uku ne, kowannensu kuwa ya rantse shi masoyin tsuntsu ne: Baba Maharbi, wanda ya ce ya tuba da harbi, Manomi, mai gonar shinkafa a bakin gulbi, sai Bafulatani, da shanunsa ke kiwo can gefe. Irin son ne dai kowa da nasa.

Ɗan Boko: Baba, don Allah a rage murya. Tsuntsu yana da kunne.

Maharbi: Ni za ka gaya ma tsuntsu na da kunne? Yaro, tun ba a haihi babanka ba nike rarrahe cikin hwadamar ga. To, yau mi munka zaka yi?

Ɗan Boko: Ƙidaya. Duk shekara cikin Janairu ana ƙirga tsuntsayen ruwa a ƙasashe sama da ɗari. Tun 1967 ake yi.

Manomi: Tsaya, ɗana. Duk shekara kac ce?

Ɗan Boko: Duk shekara, Kawu.

Manomi: Ikon Allah. Mu ɗiyan Adam rabon da a ƙidaya mu tun 2006. Yarona da anka haihwa bayan nan har ya hwara gemu, babu mai lissahinai. Amma kirinjijiya duk shekara ana sane da ita.

Bafulatani: Aradu ni in ƙirge ne ban yarda ba. Haka aka yi wa nagge. Daga ƙirge sai jangali.

Ɗan Boko: Haba Ardo, wa zai karɓi jangalin tsuntsu?

Bafulatani: Ba a fara ba dai.

Ɗan Boko ya kafa madubi a ido, yana motsa leɓe. Ya daɗe a haka.

Ɗan Boko: Kirinjijiya talatin da bakwai.

Maharbi: Arba'in da biyu. Biyat na bayan ciyawar can, ka ji su suna hito.

Ɗan Boko: Baba, ai ni ke da madubi.

Maharbi: Ni kuwa ad da ido. Rubuta arba'in da biyu. In mun ƙare ƙidaya sai rabo ko?

Ɗan Boko: In mun ƙare sai kowa ya tafi gida.

Maharbi: Hannu sake?

Ɗan Boko: Da lissafi a takarda.

Maharbi: To kai uwargida za ka yi ma bayani, ba ni ba.

Bafulatani ya nemi a ba shi madubin ya gwada. Aka ba shi, ya kama shi a juye, ya leƙa wajen garkensa. Sai ya yi tsalle ya rarumi sanda.

Bafulatani: Wayyo! Shanuna sun kai Wurno!

Ɗan Boko: Juya shi, Ardo. Ta ƙaramin ido ake leƙawa.

Bafulatani: Af! Ga su sun dawo. Har sun yi ƙiba. Malam, nawa ake sayar da abin nan? Ranar kasuwar Achida zan ba mai saye ya leƙa.

Ɗan Boko: Tunda kana gani, ƙirga mini balbelar da ke bin su.

Bafulatani: Waɗannan ba sai an ƙirga ba, 'yan gida ne. Saniya ta taka ciyawa, fara ta tashi, balbela ta cafke. Ba ta kiwo, ba ta tatsa, ba ta kwana a ruga, amma ita ke fara karya kumallo.

Ɗan Boko: Ka san har Amurka ta kai? Da fikafikanta ta ƙetare teku daga Afirka, babu wanda ya ɗauke ta. Tun wajen 1877 aka fara ganinta a Kudancin Amurka, yanzu ta cika nahiyar.

Bafulatani: Babu biza?

Ɗan Boko: Babu.

Bafulatani: Shanun wa take bi a can?

Ɗan Boko: Na mutanen can.

Bafulatani: Ka ji butulu.

Ana cikin haka wani baƙin gungu ya taso daga yamma yana murɗawa a sama, dubban ƙananan tsuntsaye suna juyi tare. Ɗan Boko ya saki baki. Manomi kuwa ya cire hula ya buga da ƙasa.

Manomi: Yawwa! Ga waɗanda nike so ka ƙidaya. Ka rubuta sunan kowane da na ubanai, ƙara za ni kai.

Ɗan Boko: Jan baki ke nan. Kawu, dubi kyau! Duk duniya babu tsuntsun daji da ya kai shi yawa. Masana sun ƙiyasta sun kai biliyan ɗaya da rabi, kuma a Afirka kaɗai ake samunsu.

Manomi: Na sani. Bara dukkansu gonata sunka kwana.

Ɗan Boko: Ai ba shinkafa ce asalin abincinsu ba. 'Ya'yan ciyawar daji suka fi so. Sai in sun rasa ne suke faɗa wa shinkafa da gero da dawa.

Manomi: Wato ko wurin ɓarawo ban zo na ɗaya ba. Ka ji, ɗana, in shinkahwa ta hwara nuna, tun hitowar rana ɗiyana na bisa rumhwa suna kaɗa gwangwani, suna jihwa da majajjawa, har magariba. Tsuntsayen ga sun saba. Yanzu in ba a kaɗa musu ba, abincin bai yi musu daɗi.

Ɗan Boko: Ba akan turo jirgi ya yi feshi ba?

Manomi: Shina zuwa. Bayan an ƙare girbi.

Ɗan Boko: Bayan kun gama girbi?

Manomi: Bayan sun ƙare.

Maharbi: Amma ka hwaɗi gaskiya, in an soya su da yaji...

Manomi: Nan kaɗai muke shiri. Shinkahwata ta nike maidowa gida.

A nan ya kamata a yi wa Manomi adalci. Mai kallon jan baki ta cikin madubi daban, mai bashin taki a wuya daban.

Ɗan Boko: To Kawu, babu tsuntsun da kake so ke nan?

Manomi: Akwai. Shamuwa. Ranar da tas sabka bisa tsamiyar ƙohwar maigari, ranar nike hiddo iri in duba. Ba ta taɓa yi mini ƙarya ba, ba awa masu hasashen rediyo ba. Kuma ko yaro mai ƙiriniya bai jihwatta. Ina take yanzu, kai da ad da littahi?

Ɗan Boko: Tana kudu, can wajen Zambiya da Zimbabuwe har Afirka ta Kudu. Yanzu su ke damina, akwai fara da tsutsa. In ruwansu ya ɗauke sai ta juyo, ta iso mana wajen Afrilu ko Mayu ta yi sheƙa.

Manomi: Ashe cin rani take zuwa!

Maharbi: Basakkwata ta ta gaske. Mi take kawowa tsaraba?

Manomi: Ruwa mana. Ta hi ƙanena da yat tahi Ikko shekara ukku yak komo da rediyo marar batir.

Maharbi ya gyara zama a kan tushen kuka. Da ma jira yake a zo fagen da ya fi kowa.

Maharbi: Dauri, kahin in tuba, na taɓa samun wani tsuntsu da zoben ƙarhe ga ƙahwatai, da rubutun Nasara bisa. Nic ce laya ta.

Ɗan Boko: Baba! Wannan zoben bincike ne! A Turai ake sa musu, kowane da lambarsa da adireshi. In an tsince shi a nan aka aika da lambar, sai a san inda tsuntsun ya biyo. Da yawa daga cikin na bakin ruwan nan baƙi ne, sanyin Turai suka gudo, sun ƙetaro hamada. Ina tsuntsun?

Maharbi: Ya riga mu gidan gaskiya.

Ɗan Boko: Ta yaya?

Maharbi: Ta hanyar miya.

Ɗan Boko: Zoben fa?

Maharbi: Shina ga wuyan jikana. Tun da anka rataya mai bai sake mura ba.

Bafulatani: Ni na ji an ce masu zoben nan leƙen asiri suke yi.

Ɗan Boko: Ba kai kaɗai ba, Ardo. A 2013 a ƙasar Masar wani mutum ya kama farar shamuwar Turai da na'ura a bayanta, ya kai ta ofishin 'yan sanda. Aka tsare ta.

Manomi: Tsuntsuwa? Bayan kanta?

Ɗan Boko: Har da hotonta a jaridu. Da aka bincika aka ga na'urar ta masu nazarin ƙaurar tsuntsaye ce, sai aka sake ta.

Manomi: Alhamdu lillahi, gaskiya ta yi halinta.

Ɗan Boko: Bayan 'yan kwanaki wasu mutanen ƙauye suka kama ta suka cinye.

Maharbi: Ashe muna da dangi Masar.

Ɗan Boko ya yi kamar bai ji ba, ya buɗe littafinsa.

Ɗan Boko: Ku bar ta wannan. A da Turawa ba su san inda tsuntsayensu ke tafiya da sanyi ba. Wasu suka ce tsattsewa cikin laka take shiga ta yi barci. Wani malaminsu ma cewa ya yi duniyar wata suke zuwa.

Maharbi: Wata na sama? Su waɗanga da kuke karanta littahinsu?

Ɗan Boko: Su fa. Sai a 1822, a arewacin Jamus, aka harbo wata farar shamuwa da mashi soke a wuyanta. Aka duba mashin, ƙirar Afirka ne. Da shi ta ƙetare hamada da teku ta koma gida. Har yau tana nan a jami'ar Rostock, an cusa mata abu a ciki an tsayar da ita, da mashin a wuya.

Maharbi ya yi shiru, yana lissafi da yatsu.

Maharbi: 1822. Zamanin Sarkin Musulmi Bello ke nan.

Ɗan Boko: Haka ne, shekararsa biyar a kan mulki.

Maharbi: Mashinmu na.

Ɗan Boko: Baba, Afirka fa da faɗi.

Maharbi: Gidanmu an daɗe ana hwaɗin kakan kakana ya ɓad da mashi guda. Anka zargi wani Bagobiri maƙwabcinai, har yau ba mu aure da su. Ashe abin na Jamus. Wani Bature bai biyo baya ba?

Ɗan Boko: Clapperton ya iso Sakkwato a 1824, ya gana da Sarkin Musulmi.

Maharbi: Ka gani! Ya kawo mashin?

Ɗan Boko: Shi daga Ingila aka aiko shi, mashin kuwa yana Jamus.

Maharbi: Duk Turai ta. Rubuta musu takarda. Tsuntsuwar mun bar musu, ta kwana da yawa. Mashin dai.

Rana ta ɗan ɗago, hazo ya fara yayewa. Can tsakiyar ruwa wasu manyan baƙaƙen tsuntsaye suka bayyana.

Ɗan Boko: Dinya! Guda uku!

Maharbi ya ɗaga murya fiye da yadda zancen yake buƙata, yana fuskantar wata duhuwar ciyawa.

Maharbi: Lalle ukku na! Ta tsakiya ta hi kitse!

Ɗan Boko: Baba, a hankali mana. Kuma babu gurbin kitse a takardar nan.

Maharbi: Shi ya sa takardar ba ta da amhwani.

Ɗan Boko: Gaya mini gaskiya, Baba, me ya sa ka tuba?

Maharbi: Ungulu tas sa ni. Dauri in ka tahi mahauta, sai ka kore su da ƙahwa kahin ka kai ga mai nama. Yanzu jikana bai san kamatta ba, sai cikin karin magana. Masu tsibbu sun saye kawunan, masu sa guba ga mushe sun ƙarasa sauran. Nic ce abin da ko almajiri bai ci, in ya ƙare, to ina ga mai daɗin miya?

Ɗan Boko: Tun 2015 aka sa ta cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya. Gauraka ma haka take neman yi a ƙasar nan, ita da ake kira tsuntsuwar Nijeriya.

Manomi: Gauraka ai ta koma gidan masu kuɗi. Can nig ganta bara, bayan katanga, ita da maigadi.

Maharbi: Shi ya sa nir rataye baka, nir rataye kwari, har kan burtun da nig gada.

Ɗan Boko ya buɗe baki zai yi godiya, sai ya daskare. Ya ɗaga madubi a hankali, hannunsa na rawa.

Ɗan Boko: Kada kowa ya motsa. Burtu! Wallahi burtu ne, ga shi can cikin ciyawa yana sunkuyo yana ɗagowa. Ban taɓa ganinsa a daji ba. Kuma a bakin gari! Wannan sai an ji labarinsa har Jos.

Ya zaro alƙalami ya rubuta. Bafulatani ya kare ido da tafin hannu.

Bafulatani: Malam, burtun littafinka yana sa takalmin roba?

Ɗan Boko: Wane irin takalmi?

Bafulatani: Aradu wannan da takalmi. Ga shi ma yana tari.

Manomi ya riƙe ciki. Maharbi ya yi gyaran murya ya dubi sama, ya dubi ƙasa, da ya ga babu mafita ya ɗaga hannu.

Maharbi: Kai, Auta! Tashi, an gane ka.

Wani saurayi ya miƙe daga cikin ciyawa, baƙar riga a jiki, kan burtu ɗaure a goshi, baka a hannu.

Auta: Baba, ta tsakiya kac ce ko?

Ɗan Boko: Baba! Ba yanzu ka ce ka rataye kan burtun ba?

Maharbi: Na rataye shi. Ƙusar ta ba ta da tsawo, yaron kuwa ya girma.

Ɗan Boko: To ni dai dinya uku na gani, uku kuma na rubuta.

Maharbi: Da biro ko da hensir?