Wa ke yi wa jariri magana idan uwarsa ta tafi aiki?

A makon jiya na raka ƙanwata neman gidan raino a nan Kano, domin hutun haihuwarta ya kusa ƙarewa alhali 'yarta ba ta cika wata 4 ba. Gidan da muka fara shiga ya sha tayil da fenti, ga na'urar sanyaya ɗaki, ga talabijin a bango, amma da na ƙirga sai na tarar jarirai 11 ne a hannun mata biyu. A gadon da ke lungu akwai wani yaro da aka tokare masa fida da matashi yana tsotsa shi kaɗai, idonsa yana bin duk wanda ya gifta, babu mai ce masa uffan. Ban ga laifin matan ba, domin aikin ya fi ƙarfinsu, amma har yanzu idon yaron nan bai bar raina ba.

Abin da jariri yake bukata ya wuce ƙoshi da busasshen ƙunzugu. Ƙwaƙwalwarsa tana ginuwa ne da amsawar da ake yi masa, wato ya yi gwaranci a mayar masa, ya yi murmushi a kira sunansa, ya yi kuka a ɗauke shi. Iyayenmu sun san wannan tun kafin likitoci su fara maganar kwanaki 1,000 na farkon rayuwa. Yaron da ke goye a bayan kakarsa yana jin muryarta da motsinta wuni guda, ana yi masa tawai, yayyensa suna tafa masa idan ya fara rarrafe. Yanzu da ma'aikata da yawa ke zaune a gidan haya nesa da dangi, wajibi ne gidan raino ya ɗauki wannan nauyi, don haka nake roƙon iyaye su fara tambayar jarirai nawa kowace mai raino take riƙewa, kuma wata nawa ta yi a wurin, kafin su dubi kyawun gini.

Sai batun nono. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a shayar da jariri nonon uwa zalla har wata 6, amma dokar ƙwadago ta Najeriya mako 12 kawai ta tanadar wa mai haihuwa, ma'aikatan gwamnatin tarayya kuma suna samun kwanakin aiki 112. Jihar Kaduna ta mayar da hutun ma'aikatanta wata 6 a shekarar 2019, kuma ya kamata sauran jihohinmu su bi sahu. Dokar ƙwadagon ta kuma ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a lokacin aiki, sai dai uwar da ke aiki a Kabuga, ɗanta yana Hotoro, rabin awar za ta ƙare tana cikin adaidaita sahu. Asibitoci da makarantu da sakatariyoyin da mata suka yi yawa a cikinsu suna iya ware ɗaki guda mai iska da ruwa, su ɗauki masu raino da aka horar, su biya su albashin da zai sa su zauna, ta yadda uwa za ta taka da ƙafarta ta shayar da ɗanta ta koma bakin aikinta.