Saukar ruwan sama ba ya nufin fari ya wuce

Duk lokacin da fari ya tsananta, idon kowa yana sama, ana jiran hadari ya haɗo. Ni ƙasa ce ke damuna, domin a can ɓarnar ta fi daɗewa.

A lokacin zafin 2022 Turai ta sha farin da masanan Tarayyar Turai suka ce wataƙila ba a ga irinsa ba cikin shekara 500. Kogin Po na Italiya ya janye har ruwan gishiri daga teku ya kutso gonaki. A Faransa ƙananan garuruwa sama da 100 suka wayi gari famfo ya ƙafe, sai da motocin tanka. Da aka samu ruwan sama, sai maganar ta lafa.

Noma ne ke shan kusan kashi 70 cikin 100 na ruwan da ɗan Adam ke ɗiba a duniya. Idan sama ta ɗauke daidai lokacin da shuka ke fitar da fure, manomi ba zai zuba ido wahalarsa ta tashi a banza ba. Rijiyar burtsatse zai koma, kuma ban ga laifinsa ba. Sai dai ruwan ƙarƙashin ƙasa shekaru masu yawa ya yi yana taruwa, mamakon kwana biyu ba ya mayar da shi. Ƙasar da ta bushe ta ƙame ma ba ta tsotse ruwa da sauri, sai ya malale ya zama ambaliya. A kwarin San Joaquin na jihar Kalifoniya a Amurka, yawan zuƙo ruwa ya sa wani yanki ya lotsa da kusan mita 9 tsakanin 1925 da 1977, kuma laka idan ta danne haka ba ta sake riƙe ruwa kamar da.

Shi ya sa nake ganin rabon ruwa aiki ne na lokacin wadata. Da fari ya tsananta, Cape Town ta Afirka ta Kudu sai da ta kai ga ƙayyade ruwa lita 50 ga mutum ɗaya a rana a 2018, aka kuma zaftare kason manoma, ma'aikatan gona da dama suka rasa aiki. Ya kamata hukumomi su san yawan abin da kowace babbar rijiya ke zuƙowa, su toshe bututun da ke yoyo, su kuma faɗa wa manomi kasonsa tun kafin ya zuba iri.