Gilashin f/1.4 ba kullum ake wangale shi ba

Masu ɗaukar hoton biki da yawa a Kaduna sun ɗauka in gilashin kyamara ya kai f/1.4 (lambar da ke nuna faɗin ƙofar da haske ke shiga, ƙaramar lamba babbar ƙofa), to kullum a wangale za a bar shi. Ba haka ba ne. Hasken da f/1.4 ke shigowa da shi ninki huɗu ne na f/2.8, shi ya sa yake fitar da mutum kunya a wurin kamu bayan magariba in an ɗauke wuta. Amma wurin da ke fita tar ɗan ƙanƙani ne. Ka murza da hannu ka saita idon amarya, ta ɗan motsa tana gyara mayafi, sai hanci ya fito, ido ya dushe. In ƙawaye sun jeru sahu biyu kuwa, tsuke gilashin zuwa f/5.6, don na baya ma su fito.