Fam 95 na biya, ƙeyar mutane na kalla

Kwana uku ke nan da dawowata, har yanzu in na idar da salla sai na dafa bango nake iya miƙewa. Gwiwa ta ƙi, raina kuma ya fi gwiwar ɓaci. Ba zan kama sunan bikin ba, ba zan kama sunan kamfanin da ya shirya shi ba, sun dai san kansu. Wani makeken fili ne a arewacin Ingila, irin bikin nan na yini guda da ake tara tsofaffin mawaƙan shekarun 1980 a sarari, masu kiɗan da Turawa ke kira new wave da synthpop, a jera su ɗaya bayan ɗaya tun azahar har dare.

Na san wani zai ce me ya kai Bahaushe mai furfura wurin nan. Zariya ce ta kai ni. Muna ɗalibai, akwai abokin ɗakinmu da yayansa ke aiko masa da kaset daga Landan, mu taru a kan rakoda guda, muna juya kaset da biro don kada batir ya mutu. A nan kunnena ya fara sanin The Human League da Depeche Mode da OMD da Gary Numan. Kiɗa ne galibi na na'ura, fiyanon lantarki da gangar inji, kuma yawancin yaran da suka ƙirƙiro shi ba 'ya'yan wasu ba ne. Martyn Ware da Ian Craig Marsh, da suka kafa The Human League a Sheffield a 1977, aikin kwamfuta suke yi. 'Yan Depeche Mode daga Basildon suka fito a 1980, 'yan OMD kuma daga tsallaken kogin Mersey, daura da Liverpool. Shi Numan ma kiɗan jita ya shiga ɗauka a 1978, ya tarar an bar wata na'urar kiɗa mai suna Minimoog a ɗakin, ya latsa ta sau ɗaya, daga nan ya canja hanya.

To a yi lissafi mana. Philip Oakey, mai jan baki a The Human League, an haife shi a 1955. Numan a 1958. Duk wanda ya yi rawar kiɗan nan yana ɗan shekara 20 a 1981, yau ya haura 60. Masu shirya bikin sun fi kowa sanin haka, don sun san mu ne masu ɗan abin hannu yanzu, shi ya sa tikiti ya yi ɗan karen tsada. Fam 95 kowane, ni da 'yata Zainab, sannan aka ɗora wani fam 11 da suka kira kuɗin hidima, a kan tikitin da ni da kaina na sauke a wayata. Hidimar wa? A wajen karɓar kuɗi sun san dattawa ne mu. Da aka zo wajen tarba, sai suka ɗauke mu 'yan samarin da za su iya tsayuwar awa tara a rana ba ruwa.

Tun a ƙofa aka fara. Awa ɗaya da minti arba'in muna layi a tsakanin shingayen ƙarfe kamar tumakin da za a loda a mota, ƙofa huɗu kacal aka buɗe. Muna jiyo ƙungiyar farko ta hau ta sauka, ta biyu ma ta hau, mu ko ciyawar filin ba mu taka ba. Da muka iso, wani yaro mai gadi, wanda wallahi na haifi wanda ya girme shi, ya zazzage jakata a kan tebur. Laima, ba a shiga da ita. Gorar ruwa, sai na zubar. Ɗan abincin da uwargida ta ƙulla mana, cikin kwandon shara. Ya ɗauko daddumata ya warware yana jujjuyawa kamar ya kama wani abu. Zainab ta riƙe mini hannu ta ce, "Abba, don Allah ka yi haƙuri, umarni aka ba shi." Na sani. Ba da yaron nake ba. Da wanda ya zauna a ofis mai sanyi ya rubuta dokar nake, wanda ya hana laima a filin da babu ko bishiya ɗaya, ya kuma ce duk wanda ya fita ba ya dawowa.

Kujerar naɗi da na sha wahalar ɗaukowa an yarda da ita, amma sai a can ƙuryar baya, bayan hasumiyar masu sarrafa sauti, inda mawaƙi ke zama kamar ƙuda. In kana son gani, ka tsaya da ƙafarka. In kana son zama, ka haƙura da gani. Gaba kura, baya sayaki. Abin da ya fi ci mini rai kuwa shi ne gaban dandamalin. An zagaye shi da shinge an keɓe wa waɗanda suka ƙara kuɗi, kuma babu inda aka nuna girman wurin lokacin da muke sayen tikiti. Rabinsa fanko. Waɗanda ke ciki wasu sun juya wa mawaƙa baya suna hira da kofi a hannu. Mu da muka haddace kowane baiti muna matse a bayan shinge, ni dai ƙeyar wani dogon Bature na yi ta kallo, har na san inda sanƙonsa ya fara da inda ya ƙare.

Ruwa fa? Doka ce a Ingila, duk inda ake sayar da giya da lasisi dole a ba da ruwan famfo kyauta ga wanda ya nema. Sun cika dokar, irin cikawar rainin wayo. Wurin ɗiban ruwa guda a ɓangarenmu, famfo shida, biyu ke zuba, layin ya kai har bakin makewayi. A gefe kuma ga rumfuna reras ana sayar da ƙaramar gora fam uku, su ba layi. Maganar makewayin kanta na bar ta, don ina da masu karatu da ke cin abinci.

A layin ruwan nan na ga abin da ya sa na ce sai na yi rubutun nan. Wani tsoho, zai kai shekara 70, baƙaƙen kaya tun daga sama har ƙasa, ya sa kwalli ya taje ragowar gashinsa gefe guda yadda ake yi a da. Ya gaji ya zauna a ƙasa don ya sha magani, ya fito da 'yar akwatin ƙwayoyin nan mai ranakun mako, sai tashi ya gagara. Ya yunƙura sau biyu ya koma. Ma'aikata biyu masu rigar ɗorawa suka wuce ta gabansa suna magana a oba-oba, ko kallo. Ni da Zainab muka kama shi hagu da dama muka ɗaga. Yana haki yana ba mu haƙuri, shi da aka zalunta. Ya ce mini ya ga ƙungiyar da za ta rufe taron tun suna wasa a wani ƙaramin kulob a Sheffield, kusa da su har yana iya taɓa wayoyin na'urarsu. Yau ya biya kusan fam ɗari, an rasa benci guda da za a ajiye masa.

Mawaƙan ba ni da ta cewa a kansu. Mutum ya doshi 70 ya fito cikin kwat a wannan rana, ya buɗe murya ta fita, ai sai jinjina. Amma minti 25 aka yanka wa kowace ƙungiya, in ban da ta ƙarshe. Kafin jiki ya ɗauka, sun yi sallama. Sai a shafe minti 40 ana jan wayoyi, ana haska mana tallar bikin baɗi a allo. Sautin ma iska ke wasa da shi, ta kawo ta ɗauke, kiɗan da ƙarfinsa duk yana cikin gurnanin ƙasa ya koma kamar rediyon maƙwabci. Na yi la'asar a bayan wata motar sayar da abinci, janareta na hura mini hayaƙi, don da na tambayi inda zan ɗan keɓe sai aka nuna mini tantin masu jinya.

Kowane jinkiri sai ya hau kan na bayansa. Ƙungiyar da na zo dominta an rubuta za ta hau ƙarfe 9:15, ba ta hau ba sai 9:50. Lasisin da ƙaramar hukuma ta bayar kuma ya ce a kashe sauti ƙarfe 10:30, kuma a ƙasar nan ba a wasa da wannan. A Hyde Park ta Landan a 2012, manyan mawaƙan nan Bruce Springsteen da Paul McCartney suna tare a kan dandamali aka kashe musu makirufo saboda lokaci ya cika. Wanda bai ɗaga wa waɗannan ƙafa ba, wa zai ɗaga wa? Wato tun magariba masu bikin sun san abin da zai faru, suka yi gum. Duhu ya fara sauka ke nan, fitilu sun fara yin kyau, na ji farkon kiɗan da muke maimaitawa a ɗakinmu na Zariya, tsigar jikina ta tashi, na juyo zan ce wa Zainab wannan ce. Ana tsakiyar baiti na biyu sauti ya ɗauke ɗif. Mawaƙin ya tsaya da makirufo a hannu, ya ɗaga mana kafaɗa. Dubban mutane suka ƙarasa amshin da bakinsu, aka kunna farin fitila a fuskarmu aka ce a watse.

Fita kuma ta ƙofa guda, cikin duhu, kowa da fitilar wayarsa, masu sanda da masu keken guragu ana ture su. Motocin da aka ce za su kai mu tashar jirgin ƙasa uku na gani da idona. Jirgin ƙarshe ya tafi ya bar mu, tasi ya caje mu fam 70, muka shiga gida ƙarfe biyu saura. Uwargida ta buɗe ƙofa ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Alhaji, an dai sha kiɗa." Ban tanka ba.

Washegari na rubuta musu ƙorafi. Na tuna musu cewa a Pasadena ta Amurka, a watan Mayun 2023, walƙiya ta sa an kwashe mutane daga irin wannan biki kafin mawaƙiya Siouxsie ta hau, amma masu shi suka dawo da ita da mawaƙi Iggy Pop washegari don waɗanda suka riga suka biya. Can sama ce ta hana, duk da haka aka rama. Nan agogo ne kawai suka kasa dubawa.

Jiya amsa ta zo, layi huɗu, ko sunana ba su sa daidai ba. Wai suna baƙin cikin abin da ya fi ƙarfinsu, tikiti ba a mayar da kuɗinsa, amma sun yi mini ragin kashi 10 cikin ɗari a tikitin baɗi, in na saya kafin ƙarshen wata.