Injiniyan Dole a Shagon Kawu

A danginmu, duk wanda ya taɓa saita wa tsohuwa agogon wayarta ya zama injiniya har abada. Ni lissafin kuɗi na karanta, amma tun ranar da na zaro wa Kawu takardar da ta maƙale a firinta, ba wanda ya ƙara kirana da sunan yanka. Shi ya sa wata Asabar, ko kunu ban gama sha ba, ya bugo: "Injiniya, kwamfutar kusurwa ta yi yaji. Ka zo ka yi biko."

Shagon Kawu na buga takardu ne da cike fom ta intanet, a nan Kano. Kwamfutoci 4 ne, kowace an ja mata waya zuwa wani ƙaramin akwati mai ramuka 8 da ake kira suwic, shi kuma an jona shi da rauta, na'urar da ke kawo intanet. Uku suna aiki lafiya lau. Ta kusurwar ce kawai ta nuna 'yar alamar duniya a ƙasan allo, wato ita ba ruwanta da kowa. Ga shi lokacin duba sakamakon jarrabawa ne, benci ya cika.

Kafin in ajiye jaka har an gama gano cutar. Wani matashi ya ce sabis ne. Na nuna masa sauran ukun suna aiki, ya ce to sabis ɗin ne bai kai kusurwa ba. Wata Hajiya da ta zo buga katin biki ta ce data ce ta ƙare. Wani dattijo mai carbi ya dubi kusurwar, ya dube ni, ya ce shi dama wajen nan bai kwanta masa ba, akwai duhu.

Na duƙa bayan kwamfutar. A bakin ramin da wayar ke shiga akwai 'yan fitilu biyu, galibi kore da ruwan goro: ɗaya tana shaida cewa an haɗu da ɗaya ɓangaren, ɗayar tana ƙyaftawa in saƙo na wucewa. Duk biyun a mace suke. Na zare kan wayar na mayar har ya ce ƙas. Shiru. Na buɗe baƙin allon nan na rubuta ipconfig, abin da ke sa mutanen benci su yi tsit suna ganin ka san sirrin gwamnati, ita kuwa kwamfuta ta ce ita ba ta ga an jona mata wata waya ba.

Sai na koma wajen suwic, in canza wa wayar rami ko na farkon ne ya mutu. Na tura a rami na 8, ta ƙi shiga. Na ƙara ƙarfi, ta ƙi. Na haska tocilar waya, sai ga laka ta toshe ramin tsaf, an shafe bakin da kyau. Zanzaro ne ya yi gini. Kawu ya leƙo ya daɗe yana kallo.

"Shekara nawa ina biyan kuɗin shagon nan ni kaɗai," in ji shi, "ashe akwai ɗan haya."

Muka bar ɗan haya a ɗakinsa. Na gwada rami na 6, nan ma fitila ba ta kama ba. To saura a raba gardama tsakanin kwamfutar da doguwar wayar. Na sa yaron shago ya kinkimo kwamfutar zuwa gindin suwic, na zaro 'yar gajeriyar waya daga jakata na haɗa su. Nan take kore ya kama, intanet ya dawo. Dattijo ya gyaɗa kai ya ce ai ya faɗa, da aka fito da ita daga kusurwar ba ga shi ta warke ba.

Laifin dai na doguwar waya ne, ita kuwa ta cikin silin aka bi da ita. Na cire gajeriyar daga kwamfuta, na bar ɗaya kan a maƙale a suwic, aka mayar da kwamfuta mazauninta, aka aro tsani. Wanda bai taɓa zura kai cikin silin ɗin shago da rana tsaka a Kano ba, kada ya yi marmari. Zafin kwano a sama, ƙurar hunturun shekaru a ƙasa, ga wayoyin lantarki da ba wanda ya san inda suka dosa.

Ina can rabin jikina a sama, sai na ji ƙasa ta rikice.

"Injiniya! Me ka taɓa? Duk sun ɗauke!"

Na rantse ban taɓa komai ba sai yanar gizo, ita ma ta gizo-gizon gaske. Na sauko fari fat, gira da gashin baki duk sun yi furfura. Hajiya ta ce sannu Baba. Kwamfutoci ukun da na tarar da ransu yanzu ko shafi ɗaya ba sa buɗewa. Fitilun suwic kuwa duk suna ƙyaftawa tare babu ƙaƙƙautawa, Kawu ya ce ai wannan alamar aiki ce sosai, me ya sa kuma babu aikin?

Na kashe kwamfuta ɗaya na kunna, na sake rubuta ipconfig. Lambar da ta fito ta fara da 169.254. Ga wanda bai sani ba, rauta ce ke raba wa kowace kwamfuta lambarta, irin masu farawa da 192.168. In kwamfuta ta yi ta sallama ba a amsa ba, sai ta laƙaba wa kanta wata mai farawa da 169.254, wadda ba ta kai ta ko'ina. Na kashe rauta da suwic na kunna. Abu ya dawo na ɗan lokaci, mutanen benci suka fara hamdala, ya sake ɗaukewa kafin su shafa. Matashin nan ya ce yanzu dai kowa ya yarda sabis ne. Kawu ya fara lissafin kuɗin da yake asara a bayyane, yana kallona a kan kowace lamba.

Da dabara ta ƙare, sai na koma bin wayoyi da yatsa, ɗaya bayan ɗaya. Wannan ta rauta ce. Wannan ta kwamfutar bakin ƙofa. Sai na kama wata, na bi ta daga rami na 6, ta ɗan zagaya bayan tebur, ta dawo ta shige rami na 7. Gajeriyar wayata ce, kai da kai duk a jikin akwati ɗaya.

Yaron shago ya matso da fara'arsa. "Ni ne, Yaya. Na ga tana lilo, na ce kada a taka."

Yaron nan ba a taɓa ganin ya ɗauke ko ledar ruwa daga ƙasa ba, sai yau tsafta ta motsa masa. Abin da ya haɗa kuwa ba ƙarami ba ne. Akwai saƙon da kwamfuta ke aikawa na kowa da kowa, suwic ya watsa shi ta duk ramuka. In waya ta fita ta dawo cikinsa, saƙon zai fita ta 6 ya shigo ta 7, a sake watsa shi, ya sake dawowa, haka har hanya ta cushe ba mai wucewa. Manyan suwic masu tsada suna gane wannan su rufe rami ɗaya da kansu. Na Kawu shi ne mafi araha a kasuwa ranar da ya saya, kuma yana alfahari da hakan. Na zare kai ɗaya, shago ya farfaɗo.

Saura mai yaji. Maƙwabcinmu mai gyaran kwamfuta ya ara mini testa, 'yar na'ura gida biyu da ake maƙala wa kowane kan waya, fitilu su bi layi daga 1 zuwa 8, don silli 8 ne a cikin wayar, an murɗe su biyu-biyu. Fitilu suka tafi: 1, 2, aka tsallake 3, sai 4, 5, aka tsallake 6. Na jawo wayar daga silin gaba ɗaya, ga wurin nan an gwaguye shi, haƙoran ɓera raɗau.

Abin da ya ba ni haushi shi ne zaɓin da ya yi. Tsohon suwic irin na Kawu, mai gudun megabit 100, silli huɗu kawai yake amfani da su: na 1 da 2, da na 3 da 6, wato masu ruwan lemo da koraye. Shuɗaye da masu ruwan ƙasa zaman banza suke yi. Da su ɓeran ya ci, da har yau ba wanda ya sani. Amma ya tsallake su ya datse korayen. Na gaya wa Kawu ɓeran nan ya yi makaranta.

Kawu ya ce a murɗa a naɗe da salatif. Na ce wannan ba wayar fanka ba ce. Bayan doguwar muhawara aka tura yaro Farm Centre ya sayo sabuwar waya samfurin Cat6 da kawunanta, maƙwabci ya ƙara aro mini filayar matsewa. Na zauna jera silli: fari mai lemo, lemo, fari mai kore, shuɗi, fari mai shuɗi, kore, fari mai ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Kawu yana tsaye a kaina yana cewa ai kore kusa da ɗan'uwansa ya kamata ya zauna, me ya kawo shuɗi tsakani, wa ya tsara wannan rashin zumuncin. Na matse, testa ta ƙirga 1 zuwa 8 ba tsallake, kore ya kama a kusurwa. Dattijo bai ce komai ba, ya dai matsar da kujerarsa.

Ladan aikina zoɓo ne mai sanyi, shi ma Hajiya ce ta biya. Ina sha Kawu ya jawo kujera, ya sassauta murya. Tunda abin ya zo da sauƙi, in ji shi, yana so in ja masa waya daga shago zuwa gida, yara su daina cinye masa data. Gidan yana bayan masallaci, an tsallake layi biyu. Na ce masa irin wannan wayar mita 100 ce iyakarta, in ta wuce saƙo ya fara lalacewa.

"To a sayi uku a ɗaura."

Na ce ɗauri ba ya ƙara mata ƙarfi, sai an sa wani suwic a tsakani, shi kuma yana son wuta.

Ya yi shiru yana lissafi da yatsu. Can ya juya wajen yaron shago. "Je ka ka gaida mai shayin bakin masallaci. Ka tambaye shi ƙarfe nawa yake kashe janareta."